Zariya na da duwatsun tsere, filin gudu ne babu

Ranar 13 ga Satumba 1970, mutum 127 suka hallara a Central Park, babban lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birnin Niyok na Amurka. Kowa ya biya dala ɗaya aka rubuta sunansa, suka shiga gudun fanfalaki na kilomita 42 da mita 195. Ba su taka titunan gari ba. Lambun suka yi ta zagayawa, sau huɗu da ɗoriya, kuma lambu ne mai hawa da gangara, wanda duk zagaye sai tudun da ka hau ɗazu ya sake tarar ka, ƙafa kuwa ta ƙara nauyi. Mutum 55 kaɗai suka kai ƙarshe. Wani ma'aikacin kashe gobara mai suna Gary Muhrcke ya zo na ɗaya, cikin awa 2 da minti 31. Sai a 1976 aka fitar da tseren daga lambun ya ratsa unguwannin birnin, yau kuma sama da mutum 50,000 ke kammala shi duk shekara.

Abin da ya sa na kawo wannan labari a shafin nan shi ne, a wurinmu duk lokacin da aka tayar da zancen gudun yada-ƙanin-wani, da miliyoyin naira ake farawa: wane kamfani zai ɗauki nauyi, baƙi nawa za su zo daga Kenya, wane babba zai ɗaga tuta. Mutanen Niyok da fili suka fara. Tun a shekarun 1850 magabatansu suka ware hekta kusan 340 a tsakiyar gari, suka hana kowa gini a ciki, talaka da mai kuɗi kowa ya shiga ba tare da an tambaye shi katin shaida ba. Fiye da shekara ɗari bayan haka tseren ya tsiro a wurin. To ni tambayata ga mutanen Samaru da Sabon Gari ita ce: yaron da ya tashi da asuba yana son ya yi gudun kilomita biyar, ina za shi?

Duk wanda ke fita bayan sallar asuba ya san amsar. Bakin titi za shi. Ka bi hanyar da ta tashi daga Kwangila ta ratsa Palladan da Zango zuwa Samaru, za ka ga samari suna sassarfa a gefen kwalta, wasu masu shirin neman aikin soja ko ɗan sanda, wasu 'yan ƙwallo, wasu ɗalibai. Za ka ga dattijon da likita ya ce masa ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. Wannan hanya kuwa ita ce ta Funtua da Gusau da Sakkwato, tirela da tanka ba sa ɗauke ƙafa a kanta, ga 'yan acaɓa, ga hayaƙin da mai gudu ke zuƙa a daidai lokacin da huhunsa ya buɗe. Wanda ya fito neman lafiya bai kamata ya riƙa waiwaye yana kauce wa mota ba.

Ba wai garin ba shi da sarari da inuwa ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da harabar da ƙalilan ne irinta a ƙasar nan: itatuwa, filayen wasa, madatsar ruwan Kubanni, gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan na da nata sararin. Sojoji na da Defo, inda tun 1924 ake horar da kurata, ga barikin Basawa. Akwai filin folo da na golf. Amma kowanne cikin waɗannan yana bayan katanga ko waya, yana da masu shi, yana da mai gadi. Ban ga laifinsu ba, domin halin tsaron da muka shiga a shekarun nan ya isa ya sa kowa ya ja ƙofarsa. Sai dai sakamakon shi ne, ɗan Hayin Dogo ko Muciya ko Dogarawa wanda ba ɗalibi ba, ba ɗan ma'aikaci ba, ba ɗan bariki ba, yana ganin ciyawa ne ta cikin shinge. Sabon Gari kuwa tun da aka yanka ta bayan isowar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, don ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa aka yanka ta: layi, layi, kasuwa, tasha. Ɗan abin da ya rage na sarari shi ne filayen makarantun firamare, su ma ana ta gutsurar gefensu ana jera shaguna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɓangaren da kuɗi ba ya saye Allah Ya riga Ya ba mu. Muna da Dutsen Kufena a wajen Wusasa, wanda mutane suka zauna a gindinsa tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu, har yau akwai burbushin ganuwarsu. Muna da Madarkaci a cikin birni, muna da Tukur-Tukur. Masu shirya tsere a wasu ƙasashe nema suke yi su sami tudu guda da zai sa a riƙa ambaton tserensu. Na Boston, wanda ake yi tun 1897, sunansa ya tafi ne da jerin tuddan da ke tarar mai gudu bayan ya wuce rabin hanya, mafi shahara a cikinsu yana wajen kilomita na 32. Akwai dalilin da ya sa wurin ke kayar da mutane. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa ne wajen kilomita na 30, sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, balle a gaban hawa. Masu gudu kuma sun san gangara ta fi hawa cin cinya, domin a kowane taku tsokar gaban cinya ce ke taka wa jiki burki, kuma washegari ita ke hana mutum sauka daga matakala. Saboda haka tsere mai tudu ba a cin sa da ƙarfin ƙuruciya kaɗai. Sai mai lissafi, wanda ya iya danne zuciyarsa a farko ya bar masu rawar kai su wuce. Irin tarbiyyar da nake so yaranmu su samu ke nan.

A nan gida ma an gwada an gani. Okpekpe ƙaramin gari ne a kan tuddai a Jihar Edo, wanda kafin 2013 da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Tseren kilomita 10 da suka fara a shekarar, hawa da gangararsa ne suka yi masa suna, har ya zama na farko a Najeriya da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba shi lambar amincewa.

Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa Kufena za ta haifa mana zakaran gudu irin Eliud Kipchoge. Zariya tana kan tsayin da bai kai mita 700 daga teku ba. Garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya ke atisaye, yana kan kusan mita 2,400, kuma ƙarancin iskar can ne ke sa jini ya koyi ɗaukar numfashi da yawa. A ƙasar nan Filato da Mambila ne suka fi kusa da wannan baiwa, shi ya sa 'yan Filato, irin su Deborah Pam, suka daɗe suna mamaye kyaututtukan da ake ware wa 'yan gida. Duk da haka, arewa ba baƙuwar wannan fage ba ce. Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Najeriya a gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, kuma awa 2 da minti 16 da Abbas ya yi a 1990 ya shafe shekaru sama da talatin yana matsayin bajintar ƙasa. Bajintar da ta daɗe haka ba a karya ba yabo ce ga mai ita, tuhuma ce a kanmu. A wannan tsakanin duniya ta sauko har awa 2 da daƙiƙa 35, abin da marigayi Kelvin Kiptum ya yi a Chicago a 2023.

Me ya hana mu motsawa? A ganina, mun ɗauki tsere a matsayin biki. An fara tseren Dutsen Obudu a 2005 zamanin Gwamna Donald Duke, da kyautar dala 50,000, ya yi tashe, gwamnatoci suka sauya, aka daina jin ɗuriyarsa. Legas ta fara nata a 2016, ɗan Kenya Abraham Kiptum ya lashe na farko da na biyu. Kaduna ta yi na kilomita 21 a Nuwamban 2020, 'yan Kenya suka kwashe manyan kyaututtuka. Ba na adawa da zuwan baƙi; wanda ya fi ka gudu malaminka ne. Abin tambaya shi ne me ake bar wa yaron unguwa ranar Litinin, bayan an kwashe rumfuna baƙi sun hau jirgi. In ba shi da wurin atisaye, ba shi da mai horarwa, ba shi da wani tseren da zai shiga a wata mai zuwa, to an nuna masa zomo ne kawai, alhali Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Zariya ta riga ta san yadda ake gina wasa daga ƙasa. Ba'amurken nan Oliver Johnson ya shafe shekaru da dama yana koyar da yara ƙwallon kwando a Samaru, ba da wani kasafi mai yawa ba, sai fili da ƙwallo da zuwa kullum. Daga cikin yaran da suka tashi a wannan fage akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Gudu bai ma kai ƙwallon kwando buƙata ba. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya ci zinare a birnin Rum a 1960.

Don haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Jami'a ta duba yiwuwar buɗe ƙofa ɗaya da hanya ɗaya a ranar Asabar, daga bayan asuba zuwa hantsi, ga duk wanda ya yi rajista da sunansa da unguwarsa, a auna kilomita biyar a riƙa ɗaukar lokacin kowa. Sashen koyar da motsa jiki da lafiya yana da ɗaliban da ke neman wurin gwada abin da suka karanta. Ga aiki ya samu. Irin wannan gudun Asabar da mutum 13 aka fara shi a wani lambu a Landan a 2004, yau ana yin sa a ƙasashe da dama, kyauta. In an shekara ana haka, an san su wa ke da ƙafa, sai a sa rana ɗaya a cikin hunturu, Disamba ko Janairu, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko, a yi tseren kilomita 10 da na 21 wanda zai ƙare a gindin Kufena. Cikakken fanfalaki ya jira tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tura mutumin da bai shirya ba ya yi kilomita 42 a kan tudu ganganci ne da rai. Ko a ƙaramin ma dole a tanadi ruwa a kan hanya, da likitoci daga asibitin koyarwa na Shika, da motar ɗaukar marasa lafiya, a kuma shawarci duk wanda ya haura shekara arba'in ya auna jininsa kafin ya sa suna. Kyauta kuwa ta tsaya a gida: kuɗin makaranta, takalmin gudu, keken ɗinki, kofi ga makarantar sakandaren da ta fi fitar da masu kammalawa. 'Yan kasuwar Sabon Gari kaɗai sun isa su ɗauki wannan, ba sai an jira Kaduna ba.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da abin sa wa a baki, wa ke ta gudu? Ina jin nauyin wannan magana. Amma gidan da maigida ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki ya san abin da magani ke ci duk wata, kuma tattaki da sassarfa na cikin rigakafi mafi araha da likitoci suka sani. Wasu kuma za su ce babba ba ya gudu, ko su tari mai gudu da "wa ya koro ka?" Wannan kunya sabuwa ce a wurinmu. Kakanninmu fatake a ƙasa suke zuwa Gwanja sayo goro, zagage har yau a ƙasa suke bin dokin sarki ranar hawa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Wannan ma ya isa hujjar a ware wa mata lokacinsu da wurinsu a killace, da mata masu kula da su, domin su ne suka fi kowa rasa inda za su motsa jiki a garin nan.

Dukkan wannan aro ne na ƙofar wani, kuma aro ba ya zama mallaka. Maganin dindindin shi ne filin jama'a. Garin yana ta faɗaɗa ta ɓangaren Basawa da Bomo da hanyar Kano, gonaki na komawa fulotai, kuma duk shekarar da aka ƙara ba a ware wuri ba, farashinsa ƙaruwa yake yi. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya, da 'yan majalisarmu na jiha, da Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli, su haɗa kai a ware fili mai girma wanda za a iya zagaya kilomita biyu ko uku a cikinsa, a yi masa takarda da sunan al'umma, a dasa darbejiya da maɗaci, a hana yanka shi ko da wane ne ya nema. A kuma shata iyakar Kufena a bayyane kafin gine-gine su kai gindinsa. Ku kuma masu karatu na Samaru da Sabon Gari, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a ina zai ware wa yaranku wannan fili.