Sammako Ya Tsufa: Yadda Ya Kamata a Yi Doguwar Tafiya da Yara Daga Ƙasar Mafara

Magabata sun gadar mana da ƙa'ida guda game da doguwar tafiya: a yi sammako. Mai barin Bakura ko Maradun zuwa Zariya ko Kano kan tashi da asubar fari, domin ya ci rabin hanya kafin rana ta take, yara kuwa su sha barcinsu a bayan mota. Ƙa'idar ta yi amfani a zamaninta. A ganina, yau ta tsufa a wannan yanki, kuma magidancin da zai ɗauki iyalinsa ya hau titin Sakkwato zuwa Gusau ya kyautu ya bar abubuwa biyu su tsara masa tafiyar: hasken rana da mafi ƙanƙantar yaron da ke cikin motar.

Dalilin farko ba ɓoyayye ba ne. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ba a kan titi aka yi waɗannan ba, amma sun bayyana wa duniya abin da direbobin yankin suka daɗe da sani, wato dajin da ke gefen hanya ba amintacce ba ne. Saboda haka a jira gari ya waye sarai, motoci su fara kai da komo, a tambayi direbobin tasha labarin hanya, sannan a tashi. A kuma ƙudurta cewa la'asar za ta riski iyali a cikin gari.

Sai dai wanda ya bar sammako ya gamu da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan shiyya, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin rasa ruwa. Idan laɓɓansa suka bushe, fitsarinsa ya ragu, ya yi laushi, alamar tana da nauyi. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ya nema, jariri kuwa a yawaita ba shi nono. A tanadi ƙunshin garin gishiri da sukari daga shagon magani. In babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na sallar raka'a biyu ne.

Matsala ta gaba ta fi wuyar warwarewa. Yaro yana bukatar a tsaya sau da yawa, hanyar kuwa ba ko'ina take yarda da tsayuwa ba. Maganin shi ne a ƙidaya tafiyar da garuruwa maimakon awoyi. Daga Mafara akwai Maru da Bunguɗu kafin Gusau. Daga Gusau akwai Kwatarkwashi da Tsafe kafin a shiga jihar Katsina a isa Funtuwa. A kai yara bayan gida a kowane zango ko ba su nema ba, a kuma ajiye fo a cikin mota don abin da ya zo ba shiri. Wanda yake da ɗan'uwa a Gusau ko Funtuwa ya kwana a can, domin tafiya sannu-sannu kwana nesa. Mazaunin yara kujerar baya ce. Hannun uwa, duk ƙarfin ƙaunarta, ba ya iya riƙe yaro idan aka taka birki da ƙarfi.

Katse layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 ya bar darasi ɗaya: kada a dogara da waya kaɗai. A sanar da masu masauki lokacin da ake sa ran isa, a sa wa kowane yaro takarda a aljihu mai ɗauke da sunansa da na garinsa da lambar mahaifinsa.

Wani zai ce ai a bar yaran a gida kawai. Wani lokaci hakan ne daidai: idan labarin hanya bai yi daɗi ba, babu biki ko suna da ya kai ran yaro, a ɗaga tafiyar ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma mayar da hakan doka ta dindindin asara ce. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da ya tashi bai san kakarsa ba sai ta murya a waya an tauye masa wani haƙƙi. Ta tagar mota ne zai ga gonakin shinkafar da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, take shayarwa, ya ga Dutsen Kwatarkwashi, ya gane cewa ƙasarsa ta fi labarin tsoron da yake ji a kanta faɗi. A tafi da shi, amma a tashi da hantsi, a sauka da sauran rana.