Yoyon Madatsa Gargaɗi Ne

Jama'a, tashar lantarki mai ƙona kwal takan tara tokarta cikin tafki, a tare shi da madatsa. Tokar nan kuwa akwai guba cikinta. A Kingston ta ƙasar Amurka, madatsar ta yi yoyo a 2003 da 2006, aka yi mata faci. Daren 22 ga Disamba, 2008, sai ta ɓalle. Laka ta malale eka 300, ta lalata gidaje, ta ɓata kogin Emory. Gyaran ɓarnar ya ci sama da dala miliyan dubu. A ganina, duk madatsar da ta fara tsattsafo, wajibi ne hukuma ta rage mata nauyin toka tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.