Wayoyi biyu kacal, amma mun ƙi karanta takardarsu

Makalar wannan makon da kanmu take, mu da muka fito daga kwalejin kimiyya da fasaha riƙe da difloma.

Akwai wani ɗan aisi, Si5351A, girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Aikinsa samar da bugun agogo da sauran sassan na'ura ke tafiya a kansa, shi ya sa masu harhaɗa rediyo ke ji da shi. Ana ba shi umarni ta wayoyi biyu, a tsarin I2C da kamfanin Philips ya fito da shi a 1982: SDA ke kai saƙo, SCL ke riƙe lokaci.

To mu me muke yi? Mu sauko da manhajar wani daga intanet, mu ɗora wa Arduino. In ta yi aiki mu ɗauki hoto. In ta ƙi, mu ce aisin jabu ne, mu koma kasuwa da kuɗin da da ƙyar muka haɗa.

Alhali lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Kiristal yana ba da megahaz 25. Aisin yana ninka shi har ya faɗa tsakanin 600 da 900. A ce sau 32, ya zama 800. A raba da 80, an sami megahaz 10. Lambobin nan ake rubutawa a rajistocinsa, kuma kamfanin Silicon Labs ya yi bayaninsu dalla-dalla a takardar AN619, kyauta.

Sau da yawa ma laifin namu ne. Adireshinsa 0x60 ne, wani ya rubuta 0xC0 inda bai dace ba. Wani ya manta resistocin da ke jan wayoyin biyu zuwa wuta, wani ya ba shi bolt 5 alhali 3.3 yake ci. Ga rajista ta 177, wadda ake taɓawa bayan an sauya ninkin. Kuma wanda muke saya da an ɗauke wuta ya manta komai, sai an sake faɗa masa duk lokacin da aka kunna.

Za a ce manhajar da aka riga aka rubuta tana rage wahala. Gaskiya ne, mu ma muna amfani da ita. Roƙonmu dai kowa ya rubuta rajistocin da hannunsa ko sau ɗaya. Malamanmu kuma, ranar kare aikin kammalawa, su ce wa ɗalibi ya mayar da megahaz 10 ɗin nan 8 a gabansu kafin su ba shi maki.