Maigida, Wa Ke Riƙe da Makullin Imel ɗin Gidanka?

Maigida, da kai nake. Kai da ka sayo kwamfuta ta hannu ka ajiye a falo ba tare da ka duba cikinta ba, kuma gidanka gaba ɗaya, daga uwargida har autan yara, imel guda kuke amfani da shi. Wannan sakaci ne, kuma ba ka da uzurin talauci a kansa, domin buɗe imel ko kwabo ba a biya.

Ka tuna yadda aka samo imel ɗin nan. Ranar da ka sayi waya, yaron shago ya tambaye ka, "Alhaji, akwai Gmail?" Ka ce babu, ya buɗe maka kawai. Shi ya zaɓi suna, shi ya zaɓi kalmar sirri, galibi lambar wayarka ce ko sunanka da 1234 a ƙarshe. Da shafin ya nemi lambar da za a tura wa saƙo idan an manta kalmar sirri, ya sa tasa don ya yi sauri ya sallame ka. Ya rubuta maka komai a bayan kwalin waya, kwalin ya bi shara. Daga baya ka saya wa uwargida waya, aka sa wannan imel ɗin. Amarya ta zo, aka sa mata shi. Yaro ya shiga sakandare, shi ma haka. Da kwamfuta ta shigo gida aka ɗora shi a kanta. Kai da ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya ba ka yarda ya kwana da makullin sitonka ba, ka bar makullin gidanka na intanet a hannun yaron da ko sunan mahaifinsa ba ka sani ba.

Kuma ba ƙaramin abu ka bar masa ba. Kusan duk shafin da ka yi rajista a kansa, idan aka danna "na manta kalmar sirri", imel ɗinka zai tura wa hanyar canza ta. Wanda ya riƙe imel ɗin yana iya ƙwace Facebook ɗinka ya roƙi kuɗi da sunanka wurin 'yan'uwa, yana iya karanta bayanan da banki ke turo maka, ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. A wayar Android kuwa asusun Google ya wuce akwatin wasiƙa. Shi ke ajiye lambobin mutane, shi ke kwashe hotuna idan an kunna ajiyar hoto, shi ke tuna abin da aka bincika, kuma da shi ake gano inda waya take, a kulle ta ko a goge duk abin da ke cikinta daga nesa. Shi ya sa lambobin ƙawayen amarya suke bayyana a wayar uwargida, gida ya ɗauki zafi a kan abin da babu wanda ya aikata da gangan. Shi ya sa hoton da 'yarka ta ɗauka a ɗakin mata ranar kamu, babu mayafi, yake faɗowa cikin wayar ƙaninta, wayar da yake miƙa wa abokansa su yi wasa da ita a bakin layi. Kuma wurin ajiya na kyauta da Google ke bayarwa gigabayit 15 ne ga asusu ɗaya, Gmail da Drive da hotuna duk a ciki. Mutum shida suna zuba bidiyon biki, wata rana ya cika, saƙonni su daina shigowa, ciki har da wanda kake jira daga wurin aiki.

Na san amsarka. "Ni ba ni da abin ɓoyewa, gidana babu sirri." To ai ba sirrinka kaɗai ke ciki ba. Sakamakon asibitin matarka yana ciki, hirar 'yarka da ƙanwar mahaifiyarta tana ciki, takardar bashin da amininka ya turo maka yana roƙon ka rufa masa asiri tana ciki. Wa ya ba ka izinin baje su? Addinin da kake koya wa yaranka ya umarci har 'ya'yan gida su nemi izini kafin su shiga ɗakin iyayensu a wasu lokuta, ballantana a ce kowa ya leƙa wasiƙar kowa.

Idan kuma ka ce tarbiyya ce, kana son ganin abin da yara ke yi, niyyar mai kyau ce, hanyar ce ba ta kai ka ko'ina. Yaron da ya san kana duba wancan imel ɗin zai buɗe wani cikin minti biyar, kai kuma ka zauna kana gadin fanko. Google yana da manhaja mai suna Family Link da aka yi musamman don wannan: ka buɗe wa yaron da bai kai shekara 13 ba asusunsa na kansa a ƙarƙashin naka, kai ke amince wa manhajar da zai sauke, kai ke ƙayyade awoyin da zai yi a kan waya. Kwamfutar falo ma tana karɓar mutane da yawa, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kai ka riƙe matsayin mai iko, yara ka ba su matsayin da ba za su iya sa wata manhaja ba sai da yardarka. Aikin rabin awa ne. Wasu kuma mutuwa suke kawowa hujja, wai idan ta Allah ta kasance iyali su iya shiga. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da magani: a cikin saitin asusun Google akwai wurin da za ka ambaci wanda za a ba wa bayananka idan asusun ya yi watanni babu motsi. Ko ka rubuta kalmar sirrin ka rufe a ambulan, ka ajiye tare da takardun gida.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne karatun yara. Ɗalibi zai yanki JAMB, uba ya miƙa masa kuɗi ya ce je ka kafe. Mai kafe ya sa imel ɗinsa ko ya ƙirƙiro wani nan take, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Da wannan imel ɗin da kalmar sirrin ake shiga shafin JAMB a duba ko an samu gurbi, a nan ake danna karɓa ko ƙin karɓa. Watanni su wuce, sunaye su fito, a koma kafe a tarar an rufe shagon ko yaron da ya yi rajistar ya bar gari. Sai ka ga uba yana zarya ofis-ofis yana biyan kuɗin gyara, yana zagin gwamnati, alhali laifin nasa ne tun ranar farko. Wannan ɗalibin zai sake buƙatar imel mai aiki a rajistar jami'a, zai buƙace shi a rajistar NYSC. Ka zaunar da shi tun yana aji shida na sakandare ya buɗe nasa da hannunsa, da layin da aka yi wa rajista da sunansa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ko an saci kalmar sirri sai an samu lambar da aka turo wayarsa. Kuma ya riƙa leƙa asusun, domin tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba ana iya goge shi. Layin waya ma idan ya daɗe a ajiye kamfani yana sake sayar da shi, wanda ya saya shi zai riƙa samun lambobin sirrin da ake turo maka.

Sai ita kanta kwamfutar. Ban ce sayen ta hannu laifi ba ne. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook da ta fito daga ofis ta fi sabuwa mai arha ƙarko sau da yawa, kuma da irinsu ɗalibai da yawa suka gama digiri. Abin da nake tsawatarwa a kansa shi ne yadda kake saye. Ka shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka shafa murfi ka ga babu ƙwarzane, aka ce maka "Landan yus ce, Core i7 ce, ko tari ba ta yi", aka kunna ta ka ga haske, ka ƙirga kuɗi. Ciniki ya ƙare cikin minti goma, rabinsa a kan ragin dubu biyar.

"Core i7" shi kaɗai bai gaya maka komai ba. Intel yana amfani da wannan sunan tun 2008. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da shi: i7-3520M ƙarni na 3 ce, ta 2012, ita kuwa i5-8250U ƙarni na 8 ce, ta 2017, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan lambar ta ƙara nauyi yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ya daina wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuwa a hukumance tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel kusan sai daga ƙarni na 8 zuwa sama. Kamfanonin Turai da Amurka suna sallamar tsofaffin da ba su cika sharaɗin ba, kuma ka san inda irin wannan kaya ke sauka. Wani mai shago zai tura wa tsohuwa Windows 11 ta bayan fage ya nuna maka, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan samun sabuntawa ba. Araha ba ta ado.

Batir fa? A ƙasar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ba ka tambayi batir ba, ko ka tambaya aka ce "awa huɗu" ka gyaɗa kai. Windows da kanta za ta faɗa maka gaskiya idan aka rubuta mata umarnin powercfg /batteryreport, ta nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau. Ka sa a cire caja a gabanka, ka zauna rabin awa kana kallon bidiyo, ka ga yadda lamba ke sauka da yadda ƙasanta ke zafi. Ka danna kowane madanni, ka gwada kowace ƙofar USB da kyamara da sifika, ka tambaya faifan ajiyar SSD ne ko tsohon mai juyawa. Ka sa a shiga BIOS a gabanka, idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai sani ba, ajiye masa kayansa. Idan MacBook ce, ka tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na Apple, in ba haka ba ranar da aka goge ta tana iya kullewa, babu injiniyan da zai buɗe maka ta hanyar halal. Mai shagon da ya ji haushin wannan binciken ya riga ya ba ka amsa. Ku kuma 'yan kasuwa masu manna sabuwar sitika a kan tsohuwar na'ura, masu ɓoye layin da ke fitowa a sikirin idan ta yi zafi, kun san hukuncin ɓoye aibin kaya, tun a makarantar allo da zaure aka karantar da ku.

Kada ka fita babu rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da sunan shago. Wadda wani ya tare ka da ita a bakin titi a rabin kuɗinta, babu caja, kai ma ka san labarinta, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa.

Da ka kai ta gida, kada ka sa imel ko bayanin banki a cikinta sai an goge ta tas an sa sabuwar Windows daga tushe. Ba ka san hannu nawa ta ratsa ba, ba ka san abin da aka dasa mata ba. Tarin manhajojin sata da ake cika maka ita da su a matsayin gyara, ta cikin irinsu ɓarayin kalmar sirri suka saba shigowa.

Ranar da kai ma za ka sayar ko ka bayar da taka, ka san cewa jefa fayil a kwandon shara ko fomatin na gaggawa ba ya share shi daga tsohon faifai, sunansa kawai yake cirewa daga jeri. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin faifai 158 da suka saya a kasuwar gwanjo. Guda 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata, a sauran sun tono lambobin katin banki fiye da 5,000 da bayanan asibiti da wasiƙun mutane. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga wata jami'ar Kanada sun sayi faifai a Gana suka tarar da takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. Idan manyan ma'aikatu sun yi wannan kwaɓar, kai da ka miƙa wa mai gyara kwamfutarka da hotunan iyalinka da hoton katin NIN ɗinka, ka ce "zan dawo jibi", me kake tsammani? Kafin ta bar hannunka ka kwashe abin da kake so, ka fita daga kowane asusu, ka yi amfani da zaɓin Windows na mayar da ita sabuwa tare da share faifan gaba ɗaya, wanda yake ɗaukar awoyi. Idan ta mutu ba ta kunnuwa, ka sa a kwance faifan a ba ka a hannunka kafin mai jari-bola ya ɗora sauran a sikeli.