Barmani Choge Da Dandalin Matan Cikin Gida

Duk wanda aka tambaya sunayen mawaƙan ƙasar Zamfara, nan take zai jero su: Musa Ɗanƙwairo na Maradun, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma. To, amma a ce ya kawo sunan mace ɗaya daga Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, sai ka ga mutum ya yi shiru yana sosa ƙeya. Alhali kuwa a garuruwan nan mata sun daɗe suna raya bikin aure da na suna da kiɗan ƙwarya. Ra'ayinmu shi ne wannan shirun asara ce ga ilmi, kuma rayuwar Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta isa shaida.

Barmani 'yar ƙasar Funtuwa ce, watau maƙwabciyarmu, gama hanyar da ta taso daga Funtuwa ita ce ta ratsa Tsafe ta shigo Gusau. An yi mata aure tana yarinya kamar sauran tsararrakinta, ta hayayyafa, kuma daga cikin gidan auren ne ta shiga sana'ar amada. Ta yi wajen shekara arba'in tana yi, har Allah ya karɓi abinsa a watan Maris na 2013, daidai da 1434 bayan Hijira, a Funtuwa.

Mutane da yawa sun ɗauke ta mawaƙiya kurum. Wanda ya san amada ba zai tsaya nan ba. Ana kifa ƙore a kan ruwa, makaɗa mata na bugu, 'yan amshi na karɓa, ita kuwa uwar waƙa tana tsakiyar fili. Yanzu ta zama uwargida mai ciwon zuciya, an jima ta zama amarya mai yanga, can kuma ta koma raguwar mace wadda ke jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu. Murya na sauyawa, tafiya na sauyawa, 'yan kallo su ma suna shiga ciki da guɗa da liƙi. In wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, mene ne shi? Turawa suna da irinsa a manyan gidajen wasa na Landan da Niyok, inda mace ɗaya take waƙa da rawa da kwaikwayo a lokaci guda, har a rubuta littafi a kan rayuwarta. Namu dandalin tsakar gida ne, shi ya sa muka raina shi.

Kafin ta, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta shahara, kuma waƙoƙinta sun fi karkata ga yabon waliyyai da malamai. Barmani ta juya akalar zuwa ga zaman duniyar mata: kishi, haihuwa, talauci, da neman na kai. Waƙarta ta "A Kama Sana'a Mata" ta shiga soraye da ɗakunan da jami'an yaƙi da jahilci ba su taɓa taka ƙafa ba, ta kuwa isar da saƙon da ma'aikatu ke kashe kuɗi kan takarda domin isarwa.

Akwai masu cewa a bakinta akwai batsa. Lalle wasu baitocinta ba na karantawa gaban surukai ba ne. Sai dai a tuna don wa aka yi su: taron mata ne zalla, a cikin gida, inda ake koya wa amarya abin da ba a faɗa a zaure. Kaset da rediyo ne suka fitar da zancen ɗaki zuwa kasuwa. Kuma ba mu ji an ce a jefar da waƙoƙin 'yan dambe ko na 'yan tauri saboda zafin kalmominsu ba.

Barmani ta yi sa'a, domin an ɗauki muryarta, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu a kanta. Takwarorinta na Zamfara fa? Tsofaffin da suka san wannan kiɗa suna ta ƙarewa. Rashin tsaro ya watsa ƙauyuka da dama a ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu, ya rage taron biki, a cikin gari kuma na'urar kiɗa ta maye gurbin ƙwarya.

A Gusau akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha, wadda ta mata ce zalla, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Ɗalibai mata ne kaɗai za su iya shiga inda namiji ba ya shiga. Muna kira ga malamansu da su sa wannan cikin aikin binciken kammala karatu: kowace ɗaliba ta nemo mai amada ɗaya a unguwarsu, ta ɗauki muryarta da yardarta, ta rubuta sunanta da na wadda ta koya mata. Ma'aikatar da ke kula da al'adu ta jiha kuma ta tanadi ɗakin ajiya, gidan rediyon jiha ya ba su fili ko da sau ɗaya ne a mako.