Chagoua Na Jiran Mai Bincikenta

Easy Rawlins, jarumin littattafan Walter Mosley, baƙar fata ne, tsohon soja a Los Angeles ta 1948. An sallame shi daga aiki, bashin gida ya sha masa kai, sai ya karɓi kwangilar cigiyar wata mata. Halin da yake ciki shi ke riƙe mai karatu, fiye da gano mai laifi. Haka Kwamishina Habib na Moussa Konaté yake a Bamako, tsakanin dokar gwamnati da maganar dattawa.

Unguwar Chagoua ta Njamena tana da kayan irin wannan labari: gadar Kogin Chari, masunta, 'yan kabu-kabu, ga ambaliyar 2022 da ta tashi unguwar Walia a tsallaken kogin. Ya kamata marubutan Hausa na Njamena su ƙirƙiro mai binciken da ya san lungunan nan.