Kafin mu sayi kwale-kwale, mu duba wa zai hau

Da fatan zubin wannan wata ya zo da sauƙi.

A zamanmu na ranar Alhamis da ta wuce, bayan an rufe asusu, wata daga cikinmu ta kawo shawara. Ɗanta ya nuna mata hotuna a waya: Turawa zaune cikin kwale-kwale, ɗan gari yana tuƙa su, da dare su kafa tanti a bakin ruwa, da safe su biya kuɗi. Ta ce, "Yaya, mu ma ai Allah Ya ba mu tafki. Me zai hana mu ciri kuɗi mu sayi kwale-kwale, yaranmu su samu abin yi?" Wasu suka ce a yi, wasu suka yi shiru. Mun ɗage maganar zuwa zama na gaba, mun kuma kawo ta nan don mun san ba mu kaɗai za ta shafa ba.

Sana'ar gaskiya ce, kuma an yi ta a ƙasarmu. A gandun dajin W, wanda Nijar ke rabawa da Benin da Burkina Faso, a da an daɗe ana ɗaukar ƴan yawon buɗe ido cikin kwale-kwale a kan kogin Kwara, suna kallon dorina da tsuntsaye. A Kure kuma, kamar kilomita 60 daga Yamai, samarin ƙauyuka sun kafa ƙungiyar ƴan jagora, suna kai baƙi ganin raƙuman dawa. A 1996 dabbobin nan ba su wuce kamar 50 ba. Da mutanen wurin suka ga akwai amfani a barinsu da rai, aka kula da su har suka haura 600, aka ma kwashe 8 zuwa Gadabeji ta jihar Maradi a 2018.

To amma mu ji ƙarshen labarin. Ranar 9 ga watan Agusta 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan ƙasa 2, ɗaya direba, ɗaya ɗan jagora. Ƙafar baƙi ta ɗauke. Wanda abincin gidansa ya dogara ga zuwan Bature, sai ya wayi gari hannu rabbana. Baƙo raɓa ne, ƴan uwa. Kuɗin asusunmu kuwa dala-dala muka tara su, daga ƙuli-ƙuli da ƙosai da kiwon akuya. Idan muka zuba su a kwale-kwalen da ba mai hawa, da me za mu ba mace rance ran da ɗanta ya kwanta ciwo?

Wannan ba ya nufin ba mu da abin nunawa. Muna da shi, sabo ne ya sa ba mu ganinsa. Tafkin Lasuri da ke nan jiharmu ta Damagaram, tun 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta amince a kiyaye, saboda tsuntsayen da ke sauka a wurin. Ga kuma gawo. Bayan yunwar 1984, manoman Magariya da Matameye da Mirya suka riƙa barin ƴan tohon itace a gona lokacin sassabe, abin da muke ce wa sassaben zamani. Yau gonakin da gawo ya rufe a wannan yanki sun kai wajen hekta miliyan 1. Masu bincike da manoman wasu ƙasashe sun sha zuwa su gani da idonsu. Mu da muke tsintar ƴaƴan gawo mu ba tumaki da rani, mu ne ba mu ɗauke shi komai ba.

Saboda haka ga abin da za mu kai wa zama na gaba, kowace ƙungiya ta duba ko zai yi mata.

Mu fara da baƙon da ya riga ya saba zuwa: ma'aikatan ayyukan raya karkara, ƴan makaranta da malamansu, manoman da ake kawowa ziyarar gani da ido. Duk wanda ya zo zai ci abinci, zai nemi inuwa da tabarma. Tuwo da miyar kuka, fura, dambun zogale, tabarmar kaba da faifai, waɗannan jarinsu kaɗan ne, in baƙo bai zo ba kuma kasuwar Magariya ko ta Dungas tana nan.

Mu yanke farashi tun kafin a zo, a rubuta shi a littafin ƙungiya, mu kuma ware abin da zai shiga asusu. Kunyar baƙo ta sha sa mu dafa kaza mu tashi da "an gode" kawai.

Idan wani ya nemi shiga ruwa, mu haɗa shi da masunci mai kwale-kwalensa, wanda ya san zurfin wurin, da sanin maigari da ma'aikatan gandun daji. Kada a cika shi da mutane, kada a sa yaro babu babba. Ran mutum ɗaya ya fi duk abin da ke cikin akwatinmu.

Na ƙarshe shi ya fi nauyi, don ya shafe mu kai tsaye. Mu ne masu neman itacen girki. Idan muka sare gawo daga gindi, ko muka bari aka share bakin tafki ƙal, ba abin da baƙo zai zo gani, gonar ma ta rasa taki. Mu sassabe reshe, mu bar uwa. Wadda ba ta da murhu mai tsimin itace, ta zo mu gina mata na laka.

Wadda ta kawo shawarar kwale-kwale ba ta yi laifi ba, aikin yi take nema wa ɗanta, kamar kowaccenmu. Yaron da ya san sunan kowane itace da kowane tsuntsu, ya iya gaya wa baƙo dalilin da ya sa gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ai ya riga ya zama ɗan jagora, ba tare da mun taɓa ko dala ba.

Ku tattauna a zamanku, ku aiko mana da abin da kuka yanke. Allah Ya sa albarka a zubinmu. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.